Word ko Excel ya ƙi buɗewa daga Start: abin da za ka duba kafin a kai ga fomat

Ka danna alamar Word a jerin Start, linzami ya ɗan yi zagayen nan nasa na jira, daga nan sai shiru. Ka sake dannawa, ko gezau. A shagunan buga takardu na Yelwa da Gwallameji a Bauchi, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke cika benci lokacin haɗa furojet, wannan shirun asarar kuɗi ce, domin mai jira ba ya daɗewa sai ya tsallaka shagon maƙwabci. A ofis kuwa, wasiƙar da mai gida ke jira ce ta maƙale. Da an kira mai gyara, abin da aka fi ji shi ne, "Oga, wannan sai fomat."

Fomat, wato goge komai a sake saka Windows, yana gyarawa, ba musu. Sai dai yana cinye yini guda, ya tafi da direban firinta da nau'o'in haruffan da aka daɗe ana tarawa, wani lokaci har da fayilolin mutane idan mai yin bai kwashe su da kyau ba. Kuma sau da yawa manhajar lafiyarta ƙalau, wani ɗan abu ne a gefe ya tare mata hanya.

Abu uku ne ke haɗuwa kafin Word ya bayyana a gabanka. Akwai alamar da kake dannawa, wadda mutane ke kira shotkot. Akwai saitin da Word ke karantawa yayin tashi, wanda na kowane mai amfani daban ne. Sannan akwai ita manhajar kanta. Alamar kamar allon shago ce a bakin titi: idan mai shago ya tashi daga Wunti ya koma Muda Lawal bai cire allonsa ba, duk wanda ya bi allon ƙofa a kulle zai tarar, alhali shagon yana can yana ciniki. Aikinka shi ne ka gano wanne daga cikin ukun ne ya samu matsala, ka fara da wanda duba shi bai ɗaukar minti biyu.

Kalli yadda ya ƙi

Ƙin buɗewa iri-iri ne, kuma kowane iri yana nuna inda za ka dosa. Idan ka danna ba abin da ya fito sam, zargi na farko yana kan wani Word da ya maƙale a ɓoye, ko kuma alamar. Idan taga ta fito mai taken Problem with Shortcut, ko Windows ta ce tana neman WINWORD.EXE, alamar ce ke nuna inda babu kowa. Idan tambarin Word ya bayyana ya ɗan tsaya sannan ya ɓace, ko ya tsaya cak yana cewa yana lodi, manhajar ta fara tashi ke nan wani abu ya kayar da ita, kuma galibi saiti ne ko firinta. Idan kuwa lamba ta fito irin 0xc0000142, matsalar ta fi karkata ga fayilolin Office ko na Windows.

Duk saƙon da ya fito, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka danna OK. Mai gyara na gari abin da zai fara tambaya ke nan, kuma "wani rubutu ne dai ya fito" ba ya taimakon kowa.

Ka kuma gwada 'yan uwansa. Word kaɗai ne ya ƙi, ko har Excel da PowerPoint? Idan shi kaɗai ne, ka fi sa ido kan saitinsa. Idan dukkansu ne, ka fi sa ido kan Office gaba ɗaya. Idan ma ba abin da ke buɗewa daga Start, har Calculator, to ba ruwan Office, jerin Start ɗin ne ya sandare.

Wanda ya maƙale a ɓoye

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Idan ya fito ƙarami, danna More details. Shiga Details ka nemi WINWORD.EXE, ko EXCEL.EXE, ko POWERPNT.EXE. Idan ka gan shi alhali babu tagarsa a allo, ka zaɓe shi ka danna End task. Kada ka yi mamaki idan ka tarar da su jere, domin mai gaggawa yakan yi ta dannawa. Ka kashe su duka, ka jira ɗan lokaci, sannan ka danna alamar sau ɗaya. A tsohuwar kwamfuta mai faifai irin na da, wanda ke juyawa, tashin farko bayan kunnawa yana iya ɗaukar minti guda ko fiye, saboda haka ka ba ta dama.

Kafin ka kashe, ka danna Alt da Tab ka duba. Wani lokaci Word ya buɗe, tagarsa ce ta tafi wani allon da babu shi. Wannan yana faruwa da laftof ɗin da aka haɗa da furojekta a wurin taro ko ɗakin kare furojet, aka zare waya ba tare da an mayar da saiti ba. Danna maɓallin Windows da P ka zaɓi PC screen only. Idan tagar ba ta dawo ba, ka zaɓe ta da Alt da Tab, sannan ka danna Windows da Shift da kibiyar hagu ko ta dama.

Idan jerin Start ne ya sandare, a cikin Task Manager ɗin nan ka nemi Windows Explorer a ƙarƙashin Processes, ka yi masa dannan dama, ka zaɓi Restart.

Akwai wani abu game da kashewa da kunnawa da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8 aka shigo da Fast Startup, wanda ke sa Shut down ya adana wani ɓangare na tsarin domin tashi da sauri. Wanda ya ce maka "ai na kashe na kunna" mai yiwuwa da matsalarsa ya kwanta ya tashi. Restart ne ke tayar da komai daga tushe, shi za ka danna.

Tsallake alamar

Wannan gwajin ne ya fi kowanne amfani a wurina. Danna Windows da R, ƙaramin akwatin Run zai fito. Rubuta `winword` ka danna Enter. Na Excel `excel`, na PowerPoint `powerpnt`, babu harafin o da i a ƙarshensa. Idan ya buɗe ta nan, ka huta: manhaja lafiya, saiti lafiya, alama ce kawai ta lalace.

Domin yin sabuwa, sai ka je inda ainihin fayil ɗin yake. A Office 2016 da 2019 da 2021 da Microsoft 365, galibi yana `C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16`. Idan an saka mai 32-bit a kan Windows mai 64-bit, ka duba cikin `Program Files (x86)`. Wasu Office 2016 da aka saka daga faifai ba su da foldar root, kai tsaye Office16 za ka gani. Office 2013 foldarsa Office15, na 2010 Office14, na 2007 Office12. Da ka ga WINWORD.EXE ka danna shi sau biyu ka tabbatar yana buɗewa, sannan ka yi masa dannan dama, Send to, Desktop. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ka ga Send to.

Sabuwar alama ta sauka a fuskar kwamfuta ke nan. Idan kana so ta shiga jerin Start, buɗe Run ka rubuta `shell:common programs`. Foldar da za ta buɗe ita ce ma'ajiyar alamomin Start na duk masu amfani da kwamfutar. Ta mai amfani ɗaya kuwa `shell:programs` ce. Goge tsohuwar alamar, ka kwafo sabuwar ka ajiye. Wadda ke maƙale a sandar ƙasan allo ma ka cire ta da Unpin from taskbar ka sake maƙala sabuwa, domin ita ba ta bin canjin da ka yi a Start.

Me ke lalata alama tun farko? Abin da na fi gani shi ne sauyin Office. An cire 2010 an saka 2016, tsohuwar alamar tana nan tana nuna Office14 da aka riga aka share. Akwai kuma manhajojin share-share da ake sakawa wai don kwamfuta ta yi sauri, su kan haɗa da abin da bai kamata ba. Har manyan kamfanoni abin ya taɓa shafa: ranar Juma'a 13 ga Janairu 2023, wani sabuntawa na Microsoft Defender, manhajar kariya ta Windows, ya sa wata dokar tsaro da ma'aikatu ke kunnawa ta riƙa goge alamomi daga Start da sandar ƙasa a kwamfutoci a faɗin duniya. Manhajojin ba abin da ya same su, alamomin ne aka yi ta mayarwa.

Idan kana son ganin inda alama ke nunawa, yi mata dannan dama, Open file location, sannan Properties, ka karanta layin Target. A tsofaffin Office irin 2007 da 2010 layin yakan fito a dushe ba ya gyaruwa, haka aka yi su, ba lalacewa ba ce. Amma idan ka ga Target na alamar Word yana ambaton cmd.exe ko wscript.exe, kada ka sake danna ta. Wannan aikin bairos ne, irin wanda ke yawo a filash yana mayar da foldoji shotkot, kuma shagon da filash ɗin ɗalibai ke shiga da fita ba ya rabuwa da shi. Ka yi cikakken bincike da Windows Security tukuna.

Kana cikin Properties ɗin, idan akwai shafin Compatibility ka leƙa. In an sa alama a Run this program in compatibility mode ko Run this program as an administrator, ka cire. Wani ne ya taɓa sawa yana neman gyara, ya manta.

Idan ta Run ma ya ƙi

Yanzu sai a duba saiti. A Run ka rubuta `winword /safe`, da tazara ɗaya kafin sandar nan mai karkata. Na Excel `excel /safe`. Wata hanyar ita ce ka riƙe Ctrl yayin danna alamar har sai ya tambaye ka ko kana son Safe Mode. A wannan yanayin manhajar tana tashi ba tare da ƙare-ƙaren da aka ɗora mata ba. Idan ta buɗe, ainihin Office lafiya yake, kuma babu dalilin cire shi.

Mai laifi na farko a nan shi ne ƙananan manhajojin da ke shiga cikin Word su zauna: masu mayar da takarda PDF, masu jera manazarta da ɗaliban digiri na biyu ke sakawa, masu duba nahawun Turanci, har da na wasu manhajojin kariya. Suna da amfani, amma idan ɗaya ya tsufa Office kuma ya sabunta, sai su daina jituwa. Kana cikin Safe Mode, shiga File, Options, Add-ins. A ƙasa inda aka rubuta Manage ka zaɓi COM Add-ins ka danna Go. Cire alamar dukkansu, rufe Word, ka buɗe shi yadda ka saba. Idan ya buɗe, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana rufewa kana buɗewa, har ka kama wanda ke kayar da shi. Aikin yana da gundura, amma wanda ya mayar da su gaba ɗaya ya koma inda ya fito.

Na biyu shi ne Normal.dotm, fayil ɗin da Word ke ɗauko siffar kowace sabuwar takarda daga gare shi. Word yakan rubuta a cikinsa lokacin rufewa, don haka idan aka ɗauke wuta a daidai lokacin, a kwamfutar tebur marar UPS, yana iya lalacewa. Rufe Word, ka tabbatar babu shi a Task Manager, ka rubuta `%appdata%\Microsoft\Templates` a Run. Nemi Normal ka sauya masa suna zuwa Tsoho. Kada ka goge shi. Word zai ƙirƙiro sabo da kansa idan ya tashi. Abin da za ka rasa shi ne saitin da ka yi, misali idan ka mayar da rubutun farko Times New Roman mai girman 12 da tazarar layi biyu saboda masu furojet, sai ka sake saitawa. Idan sauya sunan bai yi magani ba, ka goge sabon ka mayar wa tsohon sunansa.

Akwai kuma foldojin da duk abin da ke cikinsu ake buɗewa tare da manhajar. Ta Word `%appdata%\Microsoft\Word\STARTUP`, ta Excel `%appdata%\Microsoft\Excel\XLSTART`. Kwashe abin da ke ciki zuwa wata folda a fuskar kwamfuta ka gwada. Masu lissafin albashi su kula da PERSONAL.XLSB, domin nan ne makro ɗin da suka ajiye suke, wato umarnin da ke maimaita musu aiki kai tsaye. A matsar da shi, kada a goge.

Akwai mataki na rajista ma, wato ma'ajiyar saitin Windows, amma ba na ba wanda bai saba ba shawarar shiga. Ga wanda ya saba: a `regedit`, ƙarƙashin `HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Office\16.0\Word`, akwai maɓalli mai suna Data. Yi masa Export ka ajiye, sannan ka goge shi, Word zai gina sabo. Lambar 16.0 ta Office 2016 zuwa sama ce, 2013 kuma 15.0, 2010 kuma 14.0.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da cewa saitin mai amfani ne shi ne ka buɗe sabon asusu a Windows, ka shiga ta cikinsa, ka danna Word. Idan ya buɗe a can, tsohon asusun ne ke da rauni, kuma ko a mafi munin hali kwashe fayiloli zuwa sabon asusu ya fi fomat sauƙi nesa ba kusa ba.

Firinta

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba wanda ke zargin firinta idan Word ya ƙi tashi. Word da Excel suna tuntuɓar firintar da aka sa a matsayin ta farko domin su san yadda za su tsara shafi. A shaguna da yawa firinta ɗaya ce, a jikin kwamfuta ɗaya, sauran suna aika mata aiki ta waya ko wayales. Ranar da aka koma ƙaramin janareta aka bar waccan kwamfutar a kashe, ko aka kai firintar gyara, sai Word a sauran ya tsaya yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Direban firinta da ya lalace ma haka yake yi.

Rubuta `control printers` a Run. Yi dannan dama a kan Microsoft Print to PDF ka zaɓi Set as default printer. A Windows 7 babu wannan, sai ka zaɓi Microsoft XPS Document Writer. A Windows 10 da 11 ka shiga saitin Printers & scanners ka kashe Let Windows manage my default printer, in ba haka ba Windows za ta sake mayar da firintar da aka yi amfani da ita a ƙarshe. Sannan ka gwada Word.

Idan ita kanta tagar firintocin ta ƙi buɗewa ko ta fito fayau, ayyukan bugu ne suka cushe. Buɗe `services.msc` ta Run, nemi Print Spooler ka danna Stop, je `C:\Windows\System32\spool\PRINTERS` ka goge abin da ke cikin foldar, ba ita foldar ba, ka dawo ka danna Start. Idan wannan ya warware matsalar amma ta dawo da zarar ka mayar da firintarka, ka cire direbanta ka sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Ita manhajar kanta

Idan Safe Mode ma ya ƙi, ko Run ya ce bai san winword ba, sai a juya kan Office. Fara da duba foldar da na ambata a sama. Idan WINWORD.EXE babu shi, ko dai an cire Office ko manhajar kariya ta kama wani abu. Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Protection history, ka ga abin da aka tsare.

A nan sai an faɗi gaskiya. Office da yawa a garin nan da 'yan dabarun buɗe lasisi aka saka su, kuma irin waɗannan kayan su ne manhajar kariya ta fi kamawa. Rashin lasisi shi kaɗai ba ya hana Word buɗewa: yakan buɗe, ya rubuta Unlicensed Product a sama, ya hana ka gyara rubutu. Idan ya ƙi tashi gaba ɗaya, wani fayil aka taɓa. Ba na goyon bayan a kashe kariya don a dawo da abin da aka kama, balle a kwamfutar da takardun mutane ke ciki. Wanda ba zai sayi lasisi ba yana da LibreOffice, manhaja mai yin aikin Office, kyauta, yana kuma da Word da Excel na intanet da ake amfani da su kyauta da asusun Microsoft.

Idan fayil ɗin yana nan, kuma hanyarsa tana da root a ciki, Office ɗinka ya dogara da wani sabis, wato manhaja mai aiki a bayan fage, da dole ya kasance a kunne. A `services.msc` nemi Microsoft Office Click-to-Run Service. Ya kamata ya nuna Running, kuma Startup type ya zama Automatic. Masu kashe sabis barkatai don neman sauri sukan kashe shi, daga nan duk Office ya mutu lokaci guda.

Sai gyara. Rubuta `appwiz.cpl` a Run, zaɓi Microsoft Office ko Microsoft 365 a jerin, danna Change. Zaɓi biyu za ka gani. Quick Repair ba ya bukatar intanet kuma mintuna kaɗan yake ɗauka, shi za ka fara yi. Online Repair kusan sake saka Office ne daga farko, yana jan data a lissafin gigabait, saboda haka kada ka fara shi da ragowar datar waya ko batirin da ya kusa ƙarewa. Idan ya katse a tsakiya, za ka iya tashi babu tsohon babu sabon. Tsofaffin Office Repair ɗaya suke da shi, kuma suna iya neman faifai ko foldar da aka saka su daga ciki. Gyaran ba ya taɓa takardunka.

Kana cikin jerin nan ka ƙirga Office nawa ne. Laftof 'yan kwatano sukan zo da Microsoft 365 na gwaji, mai saka manhaja kuma ya ɗora wani Office a kai bai cire na farko ba. Sai alama ta nuna wannan, fayiloli su buɗe da wancan. Ka bar ɗaya, ka cire sauran, sannan ka yi wa wanda ka bari Quick Repair. WPS Office ma idan yana ciki yakan karɓe buɗe fayilolin docx, wanda ake gyarawa a Default apps.

Duba abu biyu masu sauƙi kafin ka wuce: ko faifan C ya cika har ya yi ja, da kuma ko kwanan wata daidai yake. Tsohuwar kwamfutar tebur da ke komawa wata shekara can baya duk sanda aka cire ta daga wuta, ƙaramin batirinta na ciki ne ya mutu, CR2032, irin na agogo. Kwanan wata marar kyau yana hana tabbatar da lasisi da sabuntawa.

Idan har yanzu shiru, ka tambayi Windows abin da ta gani. Rubuta `eventvwr` a Run, shiga Windows Logs, Application, ka nemi jan kuskure mai lamba 1000 a daidai lokacin da ka danna Word. Karanta layin Faulting module name. Sunan da ke wurin yakan tona asiri: na direban firinta ne, na katin hoto, ko na wata manhajar da ka manta ka saka. Idan fayil ɗin Windows ne, buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta `sfc /scannow`, ka bar shi ya kai ɗari bisa ɗari. Idan kwamfutar tana yawan sandarewa a wasu ayyukan ma, ko faifan yana ƙara, ka kwashe fayilolinka yau ɗin nan kafin komai, domin faifan ne ke shirin tafiya.

Masu LibreOffice

Tsarin binciken ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Wanda ke maƙalewa a ɓoye sunansa soffice.bin, kuma muddin yana nan sabo ba zai buɗe ba. A Windows ainihin manhajar tana `C:\Program Files\LibreOffice\program\soffice.exe`. Tun daga fitowa ta 5.3 a 2017 tana da nata Safe Mode, akwai alamarsa a Start, ko ka kira ta da `soffice --safe-mode`. Tagar da za ta fito tana ba ka damar kashe ƙare-ƙare, ko kashe amfani da katin hoto wajen zane, wanda ke kayar da ita a tsofaffin laftof. Saitin mai amfani yana `%appdata%\LibreOffice\4\user`. Lambar 4 ɗin ba ta canzawa ko da sabuwar fitowa gare ka. Sauya wa foldar user suna, za ta gina sabuwa.

A Linux, irin Ubuntu ko Mint, buɗe Terminal ka rubuta `libreoffice --writer`. Amfanin wannan shi ne kuskuren da jerin manhajoji ke haɗiyewa a nan zai fito a rubuce. Idan ta buɗe, alamar ce. Alamomin suna `/usr/share/applications`, fayiloli ne masu ƙarewa da .desktop, kuma layin da ya fara da Exec shi ke faɗin abin da za a kira. Ka duba `~/.local/share/applications` ma, domin alamar da ke can tana danne ta tsarin, kuma nan tsofaffi ke ɓuya bayan an sauya fitowa. Idan ta Terminal ma ta ƙi, yi `killall soffice.bin`, ka goge fayil ɗin `.lock` da ke `~/.config/libreoffice/4` idan yana nan. Wanda ya taɓa buɗe ta da sudo kuma, mai yiwuwa foldar saitinsa ta koma mallakar root, wato babban asusun tsarin, sai ya dawo da ita da `sudo chown -R $USER ~/.config/libreoffice`. Wadda aka saka ta Snap ko Flatpak saitinta yana wata folda daban, a `~/snap` ko `~/.var/app`.

Idan ya zama dole a cire a sake sakawa

Cire Office a sake saka shi daban yake da fomat, Windows da fayilolinka suna nan. Kafin ka cire, ka tabbatar kana da lambar lasisi ko asusun Microsoft da aka saye shi da shi, da kuma abin da za ka saka da shi a hannu. Mai amfani da Outlook ya kwafe fayilolinsa masu ƙarewa da .pst, waɗanda a sababbin fitowa suke cikin Documents a foldar Outlook Files. Cire ta `appwiz.cpl`, yi Restart, sannan ka saka.

Wajen zaɓen wanda za ka mayar, ka san cewa Microsoft ta daina tallafa wa Office 2007 a Oktoba 2017, 2010 a Oktoba 2020, 2013 a Afrilu 2023, sannan 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10. Suna ci gaba da buɗewa, amma ba sa samun gyaran tsaro, kuma sababbin direbobi da ƙare-ƙare ba a gwada su a kansu. Bayan ka saka, ka buɗe Word sau ɗaya shi kaɗai ka rufe, kafin ka mayar da firinta da ƙare-ƙarenka ɗaya bayan ɗaya, kana gwada buɗewa bayan kowanne.